Ranar da Na Yi wa Masu Fasa Dutse Albishir

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na tsaya gaban masu fasa dutse a bayan garin Funtua na yi musu albishir cewa ƙurar da suke shaƙa ba ta da wata illa. Da lasifika fa na faɗa, ba raɗa na yi ba.

Tun ina shekarar farko a makarantar koyon aikin lafiya aka naɗa ni Dokta a ƙauyenmu, Ƙarfi. (Ko allura ban iya ba lokacin, amma in aka ce "Dokta" sai na waiwayo har da gyara wuyan riga.) Wata rana aka raba takardar darasi a kan cututtukan huhu da ake ɗauka a wurin aiki. Na makara ban samu ba, sai na ɗauki hoton gaban takardar abokina da wayata. A shafin akwai hoton huhun wani mai haƙar kwal, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ina ganin hoton sai Yaya Sabi'u ya faɗo mini a rai. Shi ne babbanmu, da damina ya noma masara, da rani ya sayar da gawayi, kullum ya dawo gida baƙi wuluk har cikin hanci. Ban yi wata-wata ba, na hau mota na je na nuna wa Innarmu hoton. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Sabi'u, in dai ni na haife ka, kada ka sake taɓa buhun gawayi." Ya ce, "Inna, lafiyata lau fa." Ta ce, "Kai ka fi Dokta sani?"

Ni da kaina na nemo masa abin da na kira aiki mai tsabta: bakin injin niƙa dutse. Ya koma dawowa gida fari fat, ni kuwa ina ta jin daɗi na ceci rai. Bayan rani biyu ya fara tari yana ramewa. Da ya yi mini ƙorafi, ka san me na ce masa? Na ce tsohon gawayin nan ne yake fita. Allah Ya yafe mini.

A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi wurin da zai je ya wayar da kan ma'aikata, malamarmu, Malama Asabe, za ta bi mu tana ba da maki. Na zaɓi wurin aikin Yaya, don ya ga ƙaninsa a cikin farar riga. Na tafi da kwalabe biyu, ɗaya da garin gawayi, ɗaya da garin dutse. Aka kashe inji, ma'aikata suka zauna a kan tarin tsakuwa, Yaya a sahun gaba.

Na ɗaga baƙar kwalba na ce, "Wannan ita ce ajali." Na ɗaga farar na ce, "Wannan kuwa, ku gode wa Allah, ƙasa ce kawai. Da ita aka halicce mu." Don in burge Malama har na zuba kaɗan a tafin hannu na shaƙa. Wayyo! Atishawa ta sarƙe ni, tari ya biyo baya, hawaye da majina, duk a cikin lasifika. Ma'aikata suka kwashe da dariya. Na daure na goge fuska na ce ai mura nake yi dama.

Sai wani tsoho da ke zaune a gefe ya ɗaga hannu. Baba Emeka ake ce masa, mutumin Enugu ne da ya daɗe a Funtua yana sayar da kayan inji, ranar ma bel ɗin inji ya kawo musu. Hausarsa tar, sai dai yana magana yana tsayawa ya ja numfashi.

Ya ce, "Ɗana, ka taɓa shiga ramin kwal?" Na ce a'a, amma na karanta. Ya ce, "Ni a ciki na yi ƙuruciyata. Mu kashi biyu ne. Akwai mu masu sarar kwal, akwai masu huda dutsen da ya tare hanya kafin a kai ga kwal. Mu mukan fito baƙi, su su fito fari, muna yi musu tsiya wai 'yan gayu. Mu ƙurarmu a hankali take taruwa, sai mutum ya manyanta take kama shi, kamar yadda ka ji ƙirjina yanzu. Wasunmu ma ta kashe su, ban ce tana da kirki ba. Amma su masu farar, da ƙuruciyarsu suka fara haki. Wasu sun bar aikin, ciwon bai bar su ba, ƙaruwa ma ya yi ta yi. Tarin fuka kuma kamar kiransu yake." Ya tsaya ya numfasa, ya ce, "Ga ni nan da raina. A cikinsu ban san wanda ya rage ba."

Na juya wajen Malama Asabe da fatan za ta ce tsoho ya rikice. Ta karɓi lasifikar daga hannuna ta ce, "Baba ya faɗi gaskiya. A cikin dutsen nan akwai wani abu da ake kira silika. Ƙurar kwal tana cika huhu ta baƙanta shi, ta dutse kuwa yi masa rauni take, raunin ya zama tabo mai tauri, tabon ya yi ta yaɗuwa. Dukkansu in sun kama ba su da magani, sai dai a hana su shiga. Kuma mai sayar da gawayi a fili ba ɗaya yake da wanda ke cikin rami ba." Sannan ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "Duk wannan yana bayan takardar da na raba muku tun kuna shekarar farko. Ba ka juya ta ba?"

Ashe takardar tana da baya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Yaya Sabi'u ya miƙe a hankali ya ce, "Dokta, ashe ba gawayin ne yake fita ba?" Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ban ƙara tuna maki ba, tsoro ne ya kama ni, don na gane da hannuna na kai ɗan'uwana bakin injin nan.

Na cire farar rigar, na karɓi lasifikar na ce, "Jama'a, duk abin da na faɗa muku ku zubar. Ban sani ba na yi kamar na sani. Ku ji na Baba da na Malama." Daga nan taron ya zama taro. Baba Emeka ya nuna musu inda za a ɗaura tiyo ruwa ya riƙa sauka a kan dutse kafin ya shiga inji, Malama ta yi bayanin takunkumin da yake tare irin wannan ƙura, ba ƙyallen da suke ɗaurawa ba. Ma'aikata suka haɗa baki suka ce wa mai wurin ba ruwa, ba aiki. Kafin mako ya zagayo an ja tiyo.

Washegari na goya Yaya a babur sai asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada majinarsa. Likita (na gaske) ya ce tarin fuka ne, amma an tare shi da wuri, tabon dutse kuma bai gani ba tukuna, sai dai kada ya koma bakin inji, kuma ya riƙa zuwa ana dubawa. Na zauna a kan benci na yi kuka kamar ba Dokta ba. Wata shida ni nake tashinsa shan magani kowace safiya, ko ina makaranta sai na buga waya na ji ya haɗiye. Inna kuwa da na durƙusa na faɗa mata gaskiya, kwana uku tana kirana da sunana na yanka.

Ranar da aka ce ya warke sarai, daidai lokacin girbi ne. Daga asibiti gona muka wuce. Ina kallo ya sunkuya ya ɗaga buhun masara shi kaɗai ya aza a kan amalanke, ko haki bai yi ba. Na yi kabbara da ƙarfi har shanun suka firgita. Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Alfarma ɗaya nake roƙo: noman nan shi kaɗai ya rage mini, don girman Allah kada ka karanta komai a kansa."

Na yi masa alkawari, kuma har yau ina riƙe da shi. Abin da na koya shi ne, jahili in ya yi shiru ba ya cutar da kowa, wanda ya karanta rabi shi ne abin gudu, musamman in a gidanku yake.