Mai Girma Ba Ya Sa Tabarau

"Ba zan ƙara ba, ranka ya daɗe."

Haka na ce wa wani bawan Allah jiya da hantsi a zauren baje kolin fasahar matasa, kuma har yanzu bakina bai yi nadama ba. Aikin mutumin shi ne tsara inda manya za su tsaya da lokacin da za su yi murmushi. Ban san sunansa ba, amma babbar rigarsa ta isa labulen tagogi uku, don haka na naɗa shi Sarkin Tsare-tsare.

Bari ku ji abin da ake so in ƙara.

Lantarki na karanta. Shekara uku ke nan takardar digirina tana hutawa a ƙasan akwati. Da zama ya ishe ni sai na shiga kwance tsofaffin na'urorin DVD ina ciro ƙwayar lezar da ke ciki. Ba ta fi ƙwayar wake ba, amma in aka tattara haskenta wuri guda tana ƙona rubutu a jikin fata ko ƙwarya. Aibinta ɗaya, ba ta san ta ƙoshi ba. Ka haɗa ta da batir kai tsaye sai ta zuƙi wuta, ta yi zafi, zafin ya sa ta ƙara zuƙa, kafin ka ɗaga ido ta mutu. Shi ya sa ake haɗa mata ɗan allo mai auna mata wuta, ya ba ta daidai cikinta, ya hana ta ƙari. Ƙwaya tara na kashe kafin in iya haɗa allon nan. Polycarp mai shagon kayan lantarki a Moduganari har ya koma yi mini gaisuwa tun daga nesa: "Injiniya, yau ma an yi rasuwa?" Wuni biyu na taɓa yi a layin mai da ɗan galan, don kawai in tayar da janareta in narka dalma. Wata mata a bayana ta tambayi abin da zan yi da man, na gaya mata, ta ce Allah ya ba ni lafiya.

Sai ga sanarwa: duk wanda ya yi fice a baje kolin za a ba shi shago mai wutar sola. Shago da wutar da ba ta ɗaukewa! Maƙwabciyarmu Ya Gana ta ce, "Najiba, shagon nan tun kina sakandare ake alkawarinsa. Duk shekara fenti kawai ake sake masa." Na ce, "Haba Ya Gana, ki daina zargin manya, ai fenti ma ci gaba ne."

Ranar baje kolin na kai injin rubutun da na haɗa da ƙwayar, na shimfiɗa guntun fata, na kunna. Sarkin Tsare-tsare ya iso da takardar sunaye, mai hoto yana biye da shi. Ya daɗe yana kallon jan ɗigon da ke tafiya a hankali yana barin siririn hayaƙi.

"Wannan ɗan ɗigon shi ne lezar? Ni na zaci irin ta fim ce. Mai hoto ya ce ba za ta fito ba. Wannan sukurun na mene ne?"

"Shi ke ƙayyade wutar, ranka ya daɗe."

"Yawwa. Murɗa shi ya ƙure."

Na yi masa bayanin ƙwaya tara. Ya ce ai ba komai, in ta yi minti ɗaya tana haske ya wadatar, Mai Girma Babban Baƙo ba ya wuce haka a tebur. Daga nan ya zaro wani faranti na ƙarfe mai ƙyalli kamar madubi. A kansa ake so in rubuta sunan Mai Girma, shi kuma ya sunkuya yana kallo, a ɗauki hoto. Na ce ba ta rubutu a ƙarfe, kuma ƙarfe mai ƙyalli mayar da hasken yake yi, in ya faɗa idon mutum shi ke nan. Na nuna masa korayen tabarau guda huɗu da na jera, na ce duk mai leƙawa sai ya sa, har Mai Girma.

Ya dafe ƙirji. "Mai Girma? Ya sa wannan kamar mai walda? Yarinya, hoton nan a kowane shataletale za a kafa shi!"

"To a kafa shi da ido biyu, ranka ya daɗe."

Ya sauke murya ya ce, "'Yata, ki taimaki kanki." Da ya ga 'yar tasa ba ta motsa ba sai ya tambaya, "Ke 'yar waye a garin nan?" Na ce 'yar Malam Zayyad ce mai gyaran agogo a Umarari. Ya duba takardarsa, ya ga babu wani hatsari a sunan, ya ja masa layi.

Ni dai ina jinjina wa manyanmu, don jiya sun koya mini abin da jami'a ta ɓoye mini. Ashe abin da bai fito a hoto ba bai faru ba. Rijiyar burtsatsen unguwarmu ta fito a hoto sau uku, da ruwan tanka da aka ɗura mata da safe. Ni ce na zo da ƙauyanci, na ɓata shekara ina koyon yadda ake hana abu cin fiye da ƙarfinsa, a ƙasar da ba a taɓa haɗa wa kowace kujera irin wannan allo ba. Ƙwayar leza ma tana da kunya, in ta zarce sai ta mutu. Namu in sun zarce mota suke sakewa.

Teburina aka ba wani saurayi da ya ƙera jirgin sama da kwanon rufi. Jirgin ba ya tashi, don haka ba ya cutar da kowa, kuma tsawonsa ya cika hoto. Shi ya zo na ɗaya. Ina taya shi murna da zuciya ɗaya.

Da na dawo gida a keke napep, injin a cinyata, Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kin yi daidai." Sai kuma ya ƙara da cewa, "Amma daidai ba ya kawo wuta."

Gaskiyarsa. An soke sunana, an kuma ce kada in sake nema baɗi. Shagon ya tafi. Zan ci gaba da aiki a lungun ɗakin girki, awa biyu a wuni in an ga dama an kawo wuta. Yau da safe na ga hoton Mai Girma yana shafa fiffiken jirgin kwano, idanunsa biyu lafiya lau. Na tabbata ba wanda ya gaya masa wadda ta bar masa su.