Dokin da Heliyos Ya Ƙi Karɓa

Wani ne a nan tsibirinmu na Rodos, doki ɗaya gare shi tak, da shi yake dako ya ci abinci. Bikin Heliyos, abin bautarmu mai tuƙa rana, ya matso, lokacin da ake jefa masa dawaki huɗu da kekensu cikin teku. Sai ƙuri'a ta faɗa kan dokin mutumin nan.

Ya tafi wurin sarkin tsafi yana hawaye. "Ranka ya daɗe, a yi mini rai."

Sarkin tsafi yana cin ɓaure, so yake kawai ya rabu da shi. Ya ce, "Je ka gano mini asalin sunan Heliyos da ma'anarsa, in bar maka dokinka."

Gogan ya nufi inuwar kasuwa, inda masana ke wuni suna shafa gemu. Ya yi tambaya.

Na farko ya ce, "Ai daga rana aka samo sunan."

Na biyu ya ce, "Ji jahili. Rana ce ta ari sunansa."

Na uku ya ce, "Ku duka ba ku yi karatu ba. Daga Masar aka kawo shi a jirgin alkama."

Kafin ka ce me, kowa ya damƙi gemun ɗan'uwansa. Mutumin ya kaɗe rigarsa ya ce, "Mai sunan yana nan da ransa, me zai hana in tambaye shi?"

Da safe, rana na leƙowa daga ruwa, ya hau doki ya kutsa teku ta gabas yana kira, "Maigida, ɗan tsaya, wa ya raɗa maka suna?" Rana ta haye sama abinta. Da yamma ya tare ta ta yamma, ruwa har wuyan doki. Ta nutse.

Matarsa ta ce, "Ka same shi?"

Ya ce, "Da ya hango ni yake shigewa ruwa. Wannan akwai abin da yake ɓoyewa."

Haka ya yi ta yi safe da yamma. Shi ya ƙone ƙurmus, doki kuwa ya zama gwanin iyo, har kifi na ba shi hanya.

Ranar biki babu amsa. Aka ɗaura dokin a keke tare da sauran ukun, aka yi kiɗa, aka ingiza su cikin teku. Mutumin ya ɗora hannu a ka. Can sai ga doki ya tsinke ɗauri, ya iyo gaɓa, ya zo ya tsaya gaban maigidansa yana atishawa.

Sarkin tsafi ya fusata. "Ka ga abin da ka jawo mana? Binciken sunansa da ka yi ta yi ya ɓata masa rai, har ya ƙi karɓar dokinka!"

Mutumin ya kama linzami ya ce, "Ranka ya daɗe, in ƙuri'a ta sake faɗo mini baɗi, sunan uwarsa zan tambaya."