Ranar da Na Yi Lacca Kan Ƙwan Biri

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da walimar Dakta Rabi ba. Lokacin sojoji sun koma bariki, kowa a Agege ya zama ɗan siyasa, har da ni mai sayar da ƙwai a bakin titin jirgi. Kansila nake so a zaɓe mai zuwa. (Kada ku yi dariya tun yanzu, ku adana ta, za ku buƙace ta a gaba.)

A unguwarmu duk wanda Alhaji Sule mai goro ya ɗaga wa hannu, shi jam'iyya take tsayarwa. Sai ga 'yarsa Rabi ta dawo daga karatu a Turai, ya shirya walima, ya ce ni zan riƙe lasifika. Na tambaye shi me ta karanto.

Ya ce, "Wai ƙwan birai take bincike. Me ke sa ya yi kyau, me ke sa ya lalace."

Mai hankali zai ce, "Baba Alhaji, biri yana ƙwai ne?" Ni kuwa sai na bugi ƙirji na ce, "Ai an zo fagena."

Ranar walima aka kafa rumfuna har aka tare hanyar 'yan okada. Manyan jam'iyya a sahun gaba, maƙwabtanmu Yarabawa an sha gwaggwaro, ni na ci babbar riga ta aro. Aikina kawai in ce ga Dakta, in miƙa mata lasifika. Amma ina! Na ga taro, kuma a ganina kowane kai ƙuri'a ne.

Na ce, "Jama'a, abin da ƙanwata ta je Turai nema, mu nan muka gaje shi. Ƙwan biri ai ba baƙonmu ba ne. Na sha ganinsa a kasuwar Oyingbo. Ya ɗara na zabuwa, bai kai na talotalo ba." (Wallahi har da gwada girmansa da yatsu.)

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka ilimi ne yake ratsa su. Sai na zaro ƙwan kaza daga aljihu na ɗaga sama, na koya musu yadda ake haska shi a rana, da yadda ake jefa shi a ruwa, in ya taso ya lalace. Na rufe da cewa in birin ya ƙi kwanci, a sa wa kaza, ita ba ta da wariya.

Dakta Rabi ta taso a hankali ta karɓi lasifikar.

Ta ce, "Na gode, Yaya. Sai dai biri haihuwa yake yi, kamar mu. Ƙwan da nake magana a cikin jikin macen yake, ido ba ya ganinsa sai da madubin bincike. Muna duba ko shekarunta, ko abincinta, ko wahalar da take sha ne ke sa wani ƙwan ya zama ɗan tayi, wani ya tsaya a hanya. Fatanmu a taimaki matan da haihuwa ta yi musu wuya."

Sannan ta juyo, da ladabinta, ta ce, "Amma na Oyingbon nan, don Allah in an sake kawowa a ajiye min kiret ɗaya."

Rumfa ta ɗauka da dariya. Wata tsohuwa Bayarabiya sai da aka fassara mata, ta yi tata dariyar ita kaɗai bayan kowa ya gama, wadda ta tayar da zagaye na biyu. Ni kuwa ina tsaye, hannu a sama, riƙe da ƙwai, na rasa inda zan kai shi.

Alhaji Sule bai yi dariya ba. Washegari ya kira ni ya ce, "Ɗana, wanda ya ga ƙwan biri a Oyingbo, in ya hau kujera zai ce mana ya ga kwalta a layinmu." Ya ɗaga hannun wani tela.

Har yau kwandastocin motocin haya na danfo in sun hango ni sai su ɗaga murya, "Oga, na biri ya iso?"

Abin da na koya ɗaya ne: tambaya ba ta rage wa mutum tsawo. Yanzu ko cewa aka yi kifi a ruwa yake kwana, sai in ce a ba ni lokaci in bincika.