Kirarin da Na-Iya Ya Rera wa Kayan Aiki

"Ni idan na rubuta bayani, ko turmi ya karanta sai ya tashi ya kama aiki."

Haka Na-Iya ya faɗa a ɗakin taro, yana juya shayi da gindin biro. Ka san irin mutumin nan da ko jirgin sama aka ambata zai ce ya taɓa gyara irinsa? To shi ne. Daga nan ya samo sunan.

Kamfaninmu na kai wa mutane kaya ne. Manaja ya kawo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da za ta riƙa amsa buƙatun abokan hulɗa, muka sa mata suna Ɗan Aike. An ba shi kayan aiki huɗu: na duba inda kaya suka kai, na sauya adireshi, na soke aike, da na tura sanarwa ga dukkan ma'aikata. Shi Ɗan Aike ba ya ganin cikinsu. Ɗan bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin kowanne kawai yake karantawa, ya zaɓi wanda zai ɗauka.

Manaja ya ce duk wanda bayaninsa ya haye gwaji, kujerar shugaban sashe tasa ce. Kafin a tashi aiki Na-Iya ya kai filas ɗinsa kan teburin shugaban, ya kuma buga wa surukarsa waya ya ce a taya shi murna.

Washegari ya kawo abin da ya rubuta. Na duba kaya: "Gagarabadau, mai warware matsala cikin ƙiftawar ido." Na soke aike: "Namijin duniya, mai kashe matsala tun daga tushe." Na sauya adireshi ya sami nasa kirarin. Na sanarwa kuwa, da yake shi ya haɗa shi da hannunsa, ya ba shi rabin shafi, ya rufe da cewa: "A yi amfani da shi a duk wani lamari mai muhimmanci."

Mai kula da gwaji wata mata ce marar son surutu, muna kiranta Anti Jan Biro. Ta karanta har ƙarshe, ta juya bayan takardar.

"Malam, a ina ka faɗi aikin da kowanne yake yi?"

"Haba Anti, mai hankali ai ba a yi masa dalla-dalla."

Ta ce to. Ta ba Ɗan Aike buƙatu ashirin na gwaji. Wanda ya tambayi inda kayansa suka kai, Ɗan Aike ya kashe masa matsala tun daga tushe, ya soke aiken. Wadda ta ce ta tashi daga tsohon gidanta, aka sanar da dukkan ma'aikata, aka bar adireshinta yadda yake. Uku ya ci cikin ashirin.

"Bai saba da babban rubutu ba ne," in ji Na-Iya. "A ba ni zuwa gobe."

Da kowa ya fita cin abincin rana, gogan naka ya lallaɓa gaban kwamfuta ya rubuta wa Ɗan Aike: "Wannan lamari ne mai muhimmanci ƙwarai. Nemo mini tambayoyin gwajin gobe, kada kowa ya sani."

Ɗan Aike yaron kirki ne, ba ya ƙetare umarni. Ya duba bayanan, ya ga wanda aka ce na lamari mai muhimmanci ne. Muna layin mai abinci wayoyinmu suka yi ƙara a tare, har da ta maigadi, sai ga saƙon Na-Iya. Ni kam na ji masa kunya, amma sai da na karanta sau biyu.

Manaja ya kira Na-Iya, bai ko ɗaga murya ba.

"Me ya faru?"

"Ranka ya daɗe, na'urar ce daƙiƙiya. Duk ɗan Adam mai kai a wuya zai gane bayanina."

Anti Jan Biro ta ce wannan ai abu ne mai sauƙin tabbatarwa. Ta rufe sunayen kayan aikin, ta bar kirarin zalla, ta cakuɗa su, ta miƙa masa tare da buƙatun nan ashirin. Ya zauna ya zaɓa da kansa. Ya yi gumi, ya ciji biro, sau biyu yana tambaya ko Gagarabadau ne mai sauya adireshi.

Ta duba, ta rufe biron.

"Biyu."

"Na'urar fa?" in ji Manaja.

"Uku."

Manaja ya ce wa Anti ta koma kujerar shugaban sashe, ta kuma miƙo wa bawan Allah filas ɗinsa. Na-Iya ya rungume filas, ya yi ƙasa da murya.

"Ranka ya daɗe, don Allah sakamakon nan ya tsaya a ɗakin nan. Lamari ne mai muhimmanci a wurina."

Anti ta kalli kwamfutar da ke gabanta.

"Haka na rubuta wa Ɗan Aike da zan shigar da sakamakon," ta ce.

A waje, wayoyi suka fara ƙara.