Rasuwar Begum, Injin Yanke Ciyawar Filin Kurket

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ƙirji mai nauyi, ni Nawab Din, mai kula da ciyawar filin kurket na kulob ɗinmu a Sialkot, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injin yanke ciyawata, wadda kowa ya sani da suna Begum. Kada wani ya ce tsufa ne. Babakere ne ya kashe ta, wato mutum ya ga abin da ake amfana da shi tare ya ce shi kaɗai zai rungume. Mai laifin Fazal Karim ne, mai lambun kwalejin da ke maƙwabtaka da mu. Na faɗi sunansa don ban saba rufa wa ɓarna asiri ba.

Marigayiya ta zo ƙasar nan tun zamanin Turawa, kafin a haife ni. Mahaifina ne ya fara riƙe ta, ya bar mini ita tare da ɗakin da ke bayan allon maki, inda nake kwana har yau. Ba ta da ci, fetur kaɗan ya ishe ta wuni. Ba ta tashi ga mai gaggawa. Sai ka duba mata baƙin mai, ka goge filogi, ka murɗa hannu cikin ladabi, sannan ta yi tari, kuf, kuf, ta kama tatatata, muryar da ke sanar da unguwa gari ya waye. Inda ta bi, ciyawa takan kwanta layi-layi kamar kan da aka taje.

Ta daɗe tana jinya, gaskiya ne. Masu ƙera ta sun rufe tun tuni, ba a samun kayanta a shago. Ringin fistan ɗinta na wani tsohon babur ne. Bawul ɗinta wani maƙerin almakashin likitoci ne ya fiƙe mata a nan garin. Duk wannan ta karɓa ba ƙorafi. Abu ɗaya ne ya gagari maƙera, koyil ɗin da ke ba filogi wuta. Nata ya mutu, na ƙanwarta Rani ma ya mutu, wato injin Fazal, irinsu ɗaya. Ni da shi muka bi 'yan gwangwan daga Gujranwala har Lahore, muka samu guda ɗaya tak a ƙarƙashin tarin ƙarafa. Muka yi alkawari a wurin: rabin mako yana jikin Begum, rabin mako yana jikin Rani. Shekara da shekaru ana kai shi ana dawo da shi a kan keke, naɗe cikin tsumma kamar jariri.

Bana, da damina ta ɗauke, lokacin wasa ya matso, Fazal ya raya a ransa zan riƙe koyil in hana shi. Ranar da ya zama nawa na je karɓa, na tarar da shi tsugune gaban Rani yana sosa ƙeya.

"Fazal, ciro mini koyil."

"Chacha, zauna ka sha shayi tukuna," in ji shi, haka suke kirana, wato kawu.

"Ban zo shan shayi ba. Miƙo sifana."

"Sifana ba za ta yi ba, Chacha."

Na leƙa. Ya kai wa mai walda na bakin titi, an liƙe koyil a jikin Rani ta ko'ina, yadda ba mai sake cire shi.

"Notin ne ke yawan kwancewa," in ji shi, "shi ne na ce a ɗan ɗana masa wuta."

"Noti ne ke kwancewa ko imaninka? To tayar da ita mu ji."

Ya murɗa, ya murɗa, har gumi ya jiƙa masa riga. Rani ko tari ba ta yi ba.

Muka kira Ustad Miraj, makaniken da ya san cikin injinan nan biyu. Ya sa kurfi ya ɓalle koyil, ya kai hanci ya shinshina.

"Wane jakin ne ya yi wannan aiki?"

Ya juya koyil ɗin a hannu, ya ci gaba.

"Kun gasa shi kamar kabab. Da waya ce kawai ta ƙone, da na sake naɗa ta. Gidanta ne ya narke. Chacha, ka yi haƙuri, ku nemi likkafani biyu."

Na kai wa sakataren kulob, Chaudhry Imtiaz, labari. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, ɗakin nan na mai yanke ciyawa ne, ba na mai jinyar inji ba. In aka buɗe wasa fili bai kwanta ba, ɗan kwangila zai zo da injinsa da yaransa."

To ina zan nufa? Gonar ƙauye an sayar tun mahaifina yana da rai. Ɗana yana Karachi, ɗaki ɗaya shi da matarsa da yara. Gwiwoyina sun wuce tsugunon lauje. Sabon inji na hawa ne kamar mota, ban iya ba, kuma ba za a ba ni ba. Kullum na buɗe ƙofa sai in ga ciyawa ta ƙara tsawo, ta zagaye ɗakin ta kowane gefe, ni kuma ina tsaye a tsakiya da tsumma a hannu.

Marigayiya ta bar ni, da gwangwanin baƙin mai, da sifanoni, da tulin filogai matattu waɗanda na kasa zubarwa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan allon maki. Ustad Miraj zai cire injin da ke cikinta, a wanke shi da kananzir, a ajiye ƙarƙashin gadona. Gangar jikin kuwa, da yake wuƙaƙenta da sauran kaifi, za a ɗaura wa wani bijimin sa da Chaudhry Imtiaz ya yarda a ɗauko haya, ni da bijimin mu yi ta zagaya fili har ranar buɗe wasa. In mun gama, ɗaki nawa ne. In ba mu gama ba, Allah ya san inda zan kwana. Masu zuwa ta'aziyya kada su zo mini da shawarar sayen sabo. Wanda ke da tsohon koyil, ko matacce ne, ya taho da shi.

Fazal Karim kuma ba a gayyace shi ba. Kwaleji ba ta jira ba, ta riga ta kira ɗan kwangila. Rani an ɗora ta a sikelin 'yan gwangwan. Aikinsa ya tafi, ɗakinsa na bakin ƙofar kwaleji ya tafi, Ustad Miraj ya daina amsa masa sallama, ni ma haka. Koyil ɗin dai na aika masa da shi. Yanzu nasa ne shi kaɗai.