Cindo da Injin Yaya Kande

A garinmu akwai Cindo, wanda ke zaune gidan yayarsa Kande mai injin niƙa. Abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Mutane na kiransa wawa, ni kuwa ban taɓa ganin mai riƙon amana irinsa ba.

Wata rana wasiƙa ta zo daga ofishin haraji a birni: in Kande ba ta biya harajin injin ba, za a rufe shagon. Injin kuwa ya mutu tun bara, tana ta tarin kuɗin gyara. Ta miƙa wa Cindo wasiƙar ta ce, "Adana ta inda ruwa ba zai taɓa ta ba." Ya cusa ta cikin hula, ya daina wanke kai. Da hadari ya taso sai ka gan shi ya ruga ɗaki.

Wata rana ta aike shi ofishin ya gaya musu injin ya mutu. "Ka bi layi, kada ka yi magana da kowa sai babbansu." Duk sanda ya kai gaba ya ga ƙaramin ma'aikaci, sai ya koma baya ya sake bin layi. Da la'asar maigadi ya ji tausayinsa ya kai shi wurin babban.

"Ranka ya daɗe, injin Yaya ya mutu."

"Kowa haka yake cewa. Sai na gani da idona."

Wata rana Kande ta buɗe shago ta tarar wayam, ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Ashe Cindo ne ya ari amalanke, ya kama hanyar birni da injin, yana tura shi a hankali kamar mai ɗauke da majinyaci.

Babban ya fito ƙofar ofis yana faɗa, ya leƙa bakin injin inda ake zuba hatsi. Kaza ce kwance kan ƙwai, ta kai masa sara. Ya yi dariya har da hawaye, ya karɓi wasiƙar daga hular Cindo, ya soke harajin.

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka gama gani mu tafi. Kazar ba ta ci komai ba tun safe."