Harin Kyaftin Tsakar Falo

Duk wanda bai san Kyaftin ba, bai san jarumi ba. Da rana shi ne shugaban sito a wani kamfanin fenti. Da yamma kuwa, da ya cire takalmi ya zauna gaban kwamfuta ya kunna wani wasan yaƙi, sai ya zama kwamandan jirgin yaƙi mai nitso a ƙarƙashin teku. Laƙabin ma shi ya raɗa wa kansa, don kada ya wahalar da jama'a.

Wasan yana da mataki na masu koyo, inda kwamfuta ke yi maka lissafi, kai dai ka harba. Kyaftin ya ce wannan cin mutunci ne. Ya murɗa komai zuwa mafi tsanani, inda kai za ka ƙiyasta nisan jirgin abokan gaba da gudunsa da inda ya dosa, kafin ka saki tofido, wato dogon harsashin nan mai tafiya cikin ruwa.

"Ni ba na wasa," in ji shi a ofis. "Aikin soja nake yi, kujera ce kawai ta bambanta mu."

Ranar da surukinsa ya zo duba jikoki, Kyaftin ya ga dama ta samu, domin tsohon ya daɗe yana yi masa kallon mai gadin gwangwanaye. Ya zaunar da shi a falo, ya kashe fanka, ya hana kowa tari, wai abokan gaba suna saurare. Matarsa ta shigo da ruwa a kan yatsun ƙafa.

Can ga wani jirgi ya ɓullo. Kyaftin ya ɗauko tef ɗin awo daga keken ɗinkin matar, ya manna a fuskar kwamfuta, ya runtse ido ɗaya.

"Baba, ka lura. Tsawon bututun hayaƙinsa ne zai gaya mini nisansa. Ba kowace ƙwaƙwalwa ke ɗaukar wannan ba."

Tsohon ya ce yana lura, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Tofido na farko ya wuce ta gaban jirgin. Kyaftin ya ce gargaɗi ne. Na biyu ya wuce ta baya. Ya ce laifin matarsa ne da ta ajiye kofi da ƙarfi. Na uku bai fita ba sam, ya manta bai buɗe masa ƙofa ba.

Na huɗu ya samu. Jirgin ya kama da wuta, Kyaftin ya miƙe tsaye, ya sara wa labule, ya fara jawabi kan natsuwa da hangen nesa.

Matar ta matso kusa. "Maigida, me ya sa tutarsa iri ɗaya ce da taku?"

Ashe jirgin nasu ne, mai kawo musu abinci da mai. Wasan ya sanar da cewa an sauke kwamandan daga muƙaminsa. Tsohon ya tambaya a hankali ko yanzu an gama yaƙin, a kunna fanka.

Washegari abokan aiki suka tambayi labarin teku. Kyaftin ya gyara kwalar riga, ya yi ajiyar zuciya.

"Na ajiye aikin da kaina. Rundunar nan ba ta san darajar mutum ba."